An hana matata 'yar Masar bizar Ingila, ga kuma Hajiya tana jiran ganinta a Kano

"Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, ina aikin haɗa magunguna a Mancesta, bara na samu takardar zaman dindindin. Matata 'yar Masar ce, tun ina karatu a Alƙahira muka san juna. An ɗaura mana aure a gidan mahaifinta, malami ya rubuta takarda, shaidu suka sa hannu. Na nema mata bizar ziyara don ta zo ta ga inda nake, aka hana. Wani abokina ya ce in sake nema ta hannun ejan, kada a ambaci aure sam. Ga kuma Hajiyarmu ta matsa in kawo ta Kano da Babbar Sallah. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a auren, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Tambayoyi uku ka haɗa wuri ɗaya: me ya jawo aka hana ta, ta wace hanya za ta tare a Ingila, da yadda za ta shiga Najeriya ta gaida Hajiya. Na daɗe ina shirya wa mutane takardun tafiya, kuma abin da ya fi kayar da ma'aurata irinku guda ne. Kai kana ganin kai da matarka abu ɗaya ne, jami'in biza kuwa fasfo biyu ne a gabansa, kowanne da dokar da ta hau kansa. Auren ba zai yi muku aiki a wurinsa ba sai wata hukuma da ya yarda da ita ta rubuta shi a littafinta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Dalilin hanawar, da shawarar abokinka

Takardar ƙin ba ta hannuna, amma yadda ka ba da labari ya isa a gane inda aka tsaya. Bizar ziyara ta Birtaniya ta wata shida ce, kuma babban sharaɗinta shi ne jami'in ya gamsu cewa mai nema zai koma gida in ya gama. To ka ɗora kanka a kujerarsa. Ga mace, mijinta na zaune dindindin a Mancesta, albashinsa a can, gidansa a can. Me zai mayar da ita Alƙahira? Ko da niyyarku ta mako uku ce da gaske, a takarda kun yi kama da masu son tarewa ba tare da cika sharuɗɗan tarewa ba. Ana ba matan aure bizar ziyara, amma galibi waɗanda ke da aiki mai ƙarfi ko karatun da ba su gama ba, kuma suka bayyana a fili dalilin da ya sa ba yanzu za su koma wurin miji ba. Tun 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara kan bizar ziyarar dangi, don haka hanyar kai kuka kan wannan ta ƙuntata sosai. Ko da an ba ta ma, wanda ya shiga da bizar ziyara ba a barinsa ya juya ta zuwa ta zama daga cikin ƙasar. Dole ta fita ta nema daga waje.

Shawarar abokinka kuwa, don Allah ka jefar da ita. A neman farko an ɗauki hoton yatsunta, an ajiye fom ɗin da ta ce tana da miji a Mancesta. In ta dawo bayan wata biyu a matsayin budurwa mai zuwa yawon buɗe ido, kwamfuta ce za ta haɗa fayil biyun kafin mutum ya buɗe su. Hukuncin yaudara a neman bizar Birtaniya yana kai wa ga hana mutum shiga har shekara 10, kuma tabon zai bi ta zuwa duk neman da za ta yi nan gaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ejan zai karɓi kuɗinsa ya kashe waya, sunan da ke ƙasan fom ɗin nata ne. Hanawar da aka yi mata yanzu ba laifi ba ce, ba kuma ta rufe mata ƙofar bizar ma'aurata. Sharaɗin kawai shi ne duk fom ɗin da ya tambaya ko an taɓa hana ta biza, ta ce e, ta faɗi shekarar.

Takardar auren

A nan nake so ka fi ɓata lokacinka, domin a nan nake ganin ainihin matsalarku take. Ƙa'idar Birtaniya ita ce tana karɓar aure in ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Auren da ka bayyana, na malami da shaidu da takardar hannu, shi Misirawa ke kira urfi. Ta fuskar addini ba ni da ta cewa, akwai waliyyi, akwai shaidu, akwai sadaki. Amma ba ya cikin rajistar gwamnati. A Masar in ango da amarya duk 'yan ƙasa ne Musulmi, ma'azun ne ke rubuta auren. In ɗayansu baƙo ne, kamar kai, sai an je ofishin auren baƙi na Ma'aikatar Shari'a. Za su nemi fasfonka da shaidar cewa ka shiga ƙasar bisa ƙa'ida, da takarda daga ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira mai bayyana matsayinka da cewa ba abin da ya hana auren, da gwajin lafiya, da shaidu biyu. Takardar da za ta fito daga wannan ofis ita ce za ta yi magana a London, ita ce kuma za ta yi magana a Abuja. Ka kai ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Masar a buga mata hatimi, sannan a fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa sunansa da adireshinsa da kwanan wata da sa hannu, ya kuma rubuta cewa fassarar daidai take.

Za a samu ranaku biyu: ranar da malami ya ɗaura, da ranar da gwamnati ta rubuta. Kada ka ɓoye ɗaya. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa ka ce an yi na addini rana kaza, an yi na hukuma rana kaza. Jami'an sun saba ganin haka. Abin da ba sa so shi ne su gano bambancin da kansu.

Wasu za su ce maka ku bari sai kun zo Najeriya ku yi auren rajista kawai. Hanya ce, amma ka san abin da kake sa wa hannu. Auren da aka ɗaura ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya na mace ɗaya ne, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya ƙara aure na gargajiya alhali wancan na nan. 'Yan'uwanmu da yawa sun shiga rajista don neman biza kawai, ba wanda ya karanta musu wannan. Auren Musulunci halastacce ne a dokar Najeriya, kuma ana samun takardarsa ta hukuma. Ba ka ce kana da wata matar a gida ba, amma tunda wasu masu karatu suna da ita: dokar shige da ficen Birtaniya mace ɗaya take bari ta shiga da sunan matar mutum, kuma wanda doka ke ɗauka mazaunin Ingila ne na asali, auren da ya ƙara kan na farko ba ya inganta a wurinsu ko a ina aka ɗaura. Mai irin wannan hali lauya yake buƙata tun kafin ya cike fom.

Sai rubutun suna. Na ga fayil ɗin da fasfon miji ya ce Muhammad, takardar aure da aka fassaro daga Larabci ta ce Mohamed, wasiƙar wurin aiki ta ce Mohammed, kakan kuma a nan Abdullahi a can Abdallah. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma sai da aka koma wurin mai fassara aka sake komai. Ka ba mai fassara kwafin fasfonku tun farko, ka ce ya kwafi sunayen harafi da harafi. Kada kuma ka sa ta canja sunanta zuwa naka. Matan Masar ba sa yi, addini bai nema ba, kuma duk canji sabuwar takarda ce da za a yi ta bayani a kanta har tsufa.

Bizar ma'aurata da abin da take ci

Tunda kana da zaman dindindin, ka cancanci ɗaukar nauyinta ta hanyar bizar ma'aurata. Wanda ke kan bizar aiki ko ta karatu tasa hanyar daban ce, kuma ta ƙuntata: tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa iya kawo iyali, tun Maris na shekarar ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya su ma aka hana su.

Daga 2012 mafi ƙarancin albashin da ake nema fam 18,600 ne a shekara. Ranar 11 ga Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Mai irin aikinka yawanci ya wuce wannan, don haka ba adadin ne zai ba ka wahala ba, hujjar ce. In ka kai wata shida a wurin aiki ɗaya, za ka kawo takardun albashi na wata shida, da bayanan asusun banki na wannan lokacin da ke nuna kuɗin sun shiga, da wasiƙar wurin aiki mai faɗin matsayinka da albashinka da ranar da ka fara. Takardar albashi ta ƙarshe kada ta wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura fom. Ka zauna da biro ka bi su wata-wata, adadin da ke takardar albashi ya zama shi ne ya faɗa asusun. Albashin da ita take samu a Masar ba a lissafa shi a neman farko, amma ajiyarta ana lissafawa. Wanda zai dogara da ajiya zalla sai ya nuna fam 88,500 da suka zauna a asusu wata shida. Kuɗin da aka aro aka zuba mako guda kafin nema ba ya aiki, sai ma ya jawo zargi.

Za ta ci jarrabawar Turanci ta matakin A1, magana da saurare ne kawai, a cibiyar da hukumar shige da ficen Birtaniya ta amince da ita. Masu shirya jarrabawar Turanci ta IELTS na da irin wannan jarrabawar, kuma ana yin ta a Alƙahira. In digirinta da Turanci aka koyar da shi, ana iya tantance shi ya tsaya a madadin jarrabawar. Za ka nuna gidan da za ku zauna, in haya ne da yardar mai gida, kuma kada ya zama ɗaki ɗaya da kuke cunkushe da abokai. Kuɗin neman ya kai fam 1,938 a 2025, ga harajin lafiya na fam 1,035 kowace shekara, wanda ake biya a dunƙule, fam 3,105. Ka ga kafin tikiti an haura fam 5,000. Amsa takan ɗauki mako 12. In an bayar, ta wata 33 ce, a sabunta ta wata 30 da Turancin A2, in shekara 5 ta cika ta nemi zaman dindindin. Tana da izinin aiki tun ranar da ta sauka, amma ba ta da damar karɓar tallafin gwamnati.

Kan hujjar cewa auren na gaske ne, mutane kan wuce gona da iri, su buga hirar WhatsApp ta shekara biyu su tura. Ba mai karanta ta. Abin da ke da nauyi shi ne tambarin shigarka Masar a fasfo, tikitin tafiye-tafiyenka, rasit na kuɗin da kake aika mata, 'yan hotuna na lokuta daban-daban da danginta, da shaidar karatunka a Alƙahira da ke nuna inda kuka haɗu. Zuwanta Kano ma hujja ce mai kyau. Hoton suruka da matar ɗa a tsakar gida ranar Sallah ya fi shafi ɗari na saƙonni.

Zuwa Kano

Wannan ya fi sauƙi, kuma ba sai an jira Ingila ba. 'Yar Masar na buƙatar biza kafin ta shiga Najeriya, aurenta da kai bai sauke mata wannan ba. Tun watan Mayun 2025 aka daina bayar da biza a filin jirgi, aka koma neman bizar gajeren zama ta intanet, da cike katin sauka da na fita su ma ta intanet. Ku nema a shafin Hukumar Shige da Fice ta Najeriya kai tsaye. Za ka rubuta wasiƙar gayyata ka ce ka ɗauki alhakinta, ka haɗa da kwafin fasfonka na Najeriya da adireshin gidan da za ta sauka da tikitin komawa. Fasfonta ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ku lura da kwanakin da aka ba ta, domin yanzu ana cin tarar wanda ya zarce. EgyptAir ya daɗe yana tashi daga Alƙahira zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ba sai ta bi ta Legas ba.

Ta yi allurar rigakafin shawara aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ta riƙe katin mai ruwan ɗorawa a jakar hannu. Za a tambaya a Kano, kuma Masar ma na tambayar wanda ya fito daga Najeriya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Abin da na fi jin tsoro shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mu da muka tashi da shi muna raina shi, ita kuwa jikinta bai san shi ba, kuma yana iya kwantar da baƙo cikin kwana biyu. Ta ga likita a ba ta maganin kariya, a ɗaura mata gidan sauro, kuma in ta yi zazzaɓi ko bayan ta koma ne, ta gaya wa likita ta je Najeriya. Kai ma shekarun da ka yi a Ingila sun rage maka garkuwar da kake taƙama da ita. In tana da juna biyu, a tambayi likita kan allurar da kuma tafiyar baki ɗaya, Hajiya za ta fahimta.

Wani abu da ake mantawa: in kuka yanke ta zauna wurin Hajiya har bizar Ingila ta fito, zaman wata shida ko fiye a Najeriya zai wajabta mata gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, a Abuja ko Legas. Sannan bizar zama daga ƙasar da mutum ke zaune bisa ƙa'ida ake nemanta, mai bizar ziyara a Kano ba mazauniyar Najeriya ba ce. Ni dai da ta yi Sallah ta koma ta nema daga Alƙahira.

In wata rana kuka dawo gida da zama, tsarin biza na 2020 ya ware wa matar ɗan Najeriya ko mijin 'yar Najeriya rukunin zama na musamman. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa ta Ma'aikatar Cikin Gida, kuma tunda ɗan-ƙasancinta na Masar na haihuwa ne, dokar Najeriya ba ta ce ta ajiye shi ba. Wannan gatan maza kawai aka yi wa. 'Yar Najeriya da ta auri baƙo, mijinta sai ya bi doguwar hanyar sashe na 27 mai neman zaman shekara 15. A Maris ɗin 2022 an kai ƙudurin gyara wannan Majalisar Tarayya, aka kayar da shi. Ina ganin rashin adalci ne, domin na ga 'yan'uwanmu mata da 'ya'yansu 'yan ƙasa ne, uban kuwa kullum yana layin sabunta takarda.

Taka tafiyar

Kai ma baƙo ne a Masar, ka tabbatar da izinin shigarka kafin ka sayi tikiti. Katin zaman Birtaniya na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu matsayinka a asusun intanet yake, don haka ka duba cewa fasfon da za ka yi tafiya da shi ne ke haɗe da asusun, musamman in ka sabunta shi kwanan nan. Ka yi hattara da tikiti mai araha da ke yada zango a Faris ko Frankfurt ko Amsterdam. Najeriya na cikin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin yankin Shengen, kuma tun ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai takardar zaman Ingila ba ta wadatar. Ka kuma sani zaman dindindin yana faɗuwa in ka yi shekara 2 a jere a waje.

Ranar da ta sauka Mancesta, fasfonta ya zauna a hannunta, lambar sirrin asusun bizarta ta san ta, imel ɗin da aka yi rajista da shi ya zama nata. Shekara biyar zamanta a ƙasar na rataye da aurenku, ba uwa ba uba a kusa. Amana ce mahaifinta ya ba ka, kuma ko ta fuskar aiki, in ka kwanta rashin lafiya ko tafiya ta kama ka, ita za ta sabunta takardarta.

Iyakar abin da zan iya

Abin da na bayar bayani ne na gaba ɗaya. A Birtaniya ba kowa doka ta yarda ya ba da shawara kan fayil ɗin mutum ba, sai lauya ko wanda ya yi rajista da hukumar da ke sa ido kan masu wannan aiki, wadda tun Janairun 2025 ake kira IAA, kuma ana iya duba sunan mutum a shafinta. Ka kai wa irin wannan takardar ƙin ya karanta, musamman ya duba ko an ambaci yaudara ko takardar bogi a ciki, domin in an ambata, maganar ta canja gaba ɗaya. Adadin kuɗin da na kawo suna motsi, ka duba shafin gwamnati ranar da za ka tura fom. Maganar mayar da auren urfi na hukuma kuwa, lauyan Masar ya fi ni sanin ko sabon ƙulli za a yi a ofis ko kotu za a je ta tabbatar da na farko.

Saura batun haihuwa, wanda ya kamata ku yi lissafinsa tun yanzu. Ɗan da aka haifa a cikin Birtaniya alhali uba na da zaman dindindin, ɗan Birtaniya ne daga ranar haihuwa. In a Alƙahira ko Kano aka haife shi kafin kai ka zama ɗan ƙasa, ba shi da wannan, sai an nema masa tasa bizar da nasa harajin lafiya. Ta ɓangaren Najeriya ba damuwa, sashe na 25 ya ba shi ɗan-ƙasanci ta wurinka ko a ina aka haife shi, dokar Masar ta 2004 kuma ta ba uwa damar ba ɗanta nata. Kamfanonin jirgi da yawa na neman takardar likita daga mako na 28 na ciki, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36. In akwai juna biyu yanzu, ka ɗora mako 12 na jiran biza a kan lokacin da gyaran takardar aure da jarrabawar Turanci za su ci, ka ga ko kwanakin za su ishe ku, in ba za su isa ba ka tambaya ko cibiyar neman bizar Birtaniya da ke Alƙahira na karɓar ƙarin kuɗi don a gaggauta duba fayil.